Yadda za ka gano matsalar injin datse rassa mai doguwar sanda ka gyara abinka

Jama'a assalamu alaikum. Duk mai sana'ar gyaran fulawa da sassabe a gidajen Unguwar Rimi, Malali ko Barnawa a Kaduna, ko kuma maigida ne kawai da yake da mangwaro da darbejiya a tsakar gida, ya san yadda abin yake in damina ta matso, wajen Afrilu zuwa Mayu iskar farkon ruwa ta fara ɓalle rassa tana jefawa kan kwano, sai kowa ya tuna da injin nan mai zarto a kan doguwar sanda da aka jingine a sito tun bara. A ɗauko a ja igiya a ja a ja har kafaɗa ta yi tsami, shiru kake ji. Daga nan sai a yanke hukunci cewa inji ya mutu a nufi kasuwar Panteka da shi wurin masu gyara.

To mafi yawansu ba mutuwa suka yi ba. Tsohon mai ne da ƙura, sai kuma hannun mai injin da ya fara taɓa kusoshin kafireto tun bai duba komai ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne tsari, ka fara daga abin da ba ya cin kuɗi kuma ba sai an kwance inji ba, in bai yi ba sannan ka matsa gaba.

Kafin komai ka san wane iri ne naka. Akwai mai fetur da ake haɗa wa mai, shi ya fi yawa a nan, musamman ɗan Chana mai 43cc ko 52cc wanda ake cire kan yankan ciyawa a saka kan zarto. Akwai mai tankin baƙin mai daban irin Honda GX35 da kwafinsa, wannan ba a haɗa masa komai a fetur, baƙin mansa kusan mil 100 ne, wato mililita, a wurinsa daban. Akwai kuma na wuta da na batir. Kayan aikin ba wasu masu yawa ba ne, sufanar fulogi, sukudireba mai baki ɗaya da mai sita, alanki, filaya, tsohon buroshin haƙori, ɗan guntun waya, tsumma da safar hannu. Ka kashe makunni ka zare hular fulogi, in na batir ne ka cire batirin, na wuta kuma ka zare daga soket, sannan ka kwantar da injin a kan benci ko tabarma, ba a kan yashi ba, don ƙaramar kusa ɗaya in ta faɗa yashi sai dai haƙuri.

In ya ƙi tashi gaba ɗaya

Duba makunnin tukuna, kar ka yi dariya, ana kai inji wurin gyara a kan wannan. Bayan shi sai mai. Buɗe tanki ka shinshina, in warin ya koma wani tsami tsami kamar na fenti ko launin ya yi duhu, juye shi duka. Haɗin fetur da mai ba ya son ya wuce wata guda a ajiye, kamfanin Stihl ma kwana 30 suka ce, balle a zafin Maris ɗin Kaduna. Ka sayo sabon fetur a gidan mai, na bumburutu ban ce duka ba shi da kyau ba amma ba ka san me aka zuba a jarkar jiya ba, kuma ƙaramin inji ba ya jure ruwa ko kananzir ko kaɗan.

Batun haɗin nan ne nake so mu ɗan tsaya a kai domin shi ne yake kashe injina. Man 2T na injin da iska ke sanyayawa ake sakawa, ba baƙin man mota ba, ba kuma na injin jirgin ruwa ba. Mutane sun saba zuba SAE 40 a ƙaramin janareta Tiger suna ganin yana tafiya sai su ɗauka nan ma haka ne, alhali wannan injin gudunsa ya ninka na janareta, baƙin man mota ba ya ƙonewa tas, yana barin gawayi a fistin da salansa. Awon kuma ba da ido ake yi ba. In littafin injin ya ce 50:1 to mil 20 ne a lita 1, mil 100 a lita 5. In 40:1 ne mil 25 a lita. 'Yan Chana da yawa 25:1 ake rubuta musu, wato mil 40 a lita. Sirinji mai mil 20 na kemis ya ishe ka awo, ka haɗa a jarka daban ka girgiza sannan ka zuba, kar ka haɗa a cikin tankin.

Yanzu ka tayar yadda ya kamata. Danna 'yar robar nan mai kumburi da ke jikin kafireto har ka ga mai ya cika ta yana komawa tanki, rufe cok, ja igiya har ka ji ya yi tari sau ɗaya, nan take ka buɗe cok ka sake ja. Masu ci gaba da ja da cok a rufe bayan ya yi tarin su ne suke shaƙe shi da mai. In ya sha mai za ka ji warin fetur sosai, fulogi kuma ya fito jage jage. Maganinsa ka cire fulogin ka goge ka shanya, makunni a kashe, cok a buɗe, ka kifa injin ramin fulogi na kallon ƙasa ka ja igiya kamar sau goma man ya fita, ka mayar ka tayar ba tare da cok ba kana riƙe da totur.

Tunda fulogi yana hannunka karanta shi. Bakinsa ruwan ƙasa a bushe, lafiya lau. Baƙi mai gawayi, mai ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. Fari fat kuwa ba abin murna ba ne, inji na shan iska fiye da mai kuma yana ɗaukar zafi, za mu dawo kansa. Tazarar bakin fulogi tsakanin 0.5 zuwa 0.7 na milimita take, ya danganta da injin. Don gwada wuta, saka fulogin a hularsa, jingina zarensa da ƙarfen silinda nesa da ramin, ka shiga inuwa, makunni a kunne, ja igiya. Shuɗiyar wuta mai ƙarfi ake nema. In babu, sabon fulogi tukuna don shi ne mafi araha, ka tafi da tsohon a ba ka lambarsa daidai, 'yan Chana galibi L7T ne ko BM6A. In har yanzu babu, akwai wata siririyar waya da ta taso daga koyil ta tafi makunni, zare ta daga jikin koyil ɗin ka sake gwadawa. Wuta ta dawo, to makunni ne ko wayar ta goge tana taɓa ƙarfe, kuma a irin wannan injin wayar tana da tsawo tana bin hannun totur don haka gogewa ba wuya. Wuta ba ta dawo ba, duba tazarar koyil da maganaɗisun fulawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa in an ja igiya, kusan 0.3 na milimita ce, kaurin ɗan katin nan na kasuwanci da ake buga lambar waya a kai. Sassauta kusoshin koyil biyu, saka katin a tsakani, bari maganaɗisu ya jawo koyil, ɗaure, zare katin. Sai bayan wannan ne za ka ce koyil ya mutu.

In wuta na nan amma bai tashi ba, ga gwajin da ke raba gardama. Ɗiga fetur ɗin haɗi kaɗan, bai kai rabin ƙaramin cokali ba, a ramin fulogi, mayar da fulogi ka ja. Ya tashi na daƙiƙa biyu ya mutu? Alhamdulillahi injinka lafiyarsa ƙalau, mai ne ba ya isowa. Bai ko motsa ba, to maganar ta koma kan ƙarfin matsi ko makullin fulawil da ya gutsire.

Hanyar mai daga tanki zuwa kafireto

Lanƙwasa bakin waya ka zura a tanki ka jawo tiyon da matata take rataye a bakinsa. In matatar ta yi baƙi ko ta yi tauri canja ta, wanki ba ya mata wani amfani sosai. Bi tiyon da yatsa, zafi da fetur suna busar da shi ya tsage daidai inda ya ratsa tanki ko inda ya shiga kafireto, ɗan tsagu kaɗan ya isa ya riƙa zuƙar iska. Tiyo biyu ne, mai matata shi ke kai mai, ɗayan na dawo da shi, ka ɗauki hoto da waya kafin ka zare domin juya su shi ne abin da ya fi faruwa, sai ka ga ana danna robar tana hura kumfa a tanki mai bai hau ba. Robar kanta in ta tsage ko ta ƙi dawowa bayan an danna, canji.

Akwai wata matsala mai rikita mutane, inji ya tashi lafiya ya yi minti biyar ko goma sai ya fara shaƙewa ya mutu, a bar shi ya huta ya sake tashi. Da ya mutu ka sassauta murfin tanki kana saurare, in ka ji iska ta yi fuu ta shiga to kafar numfashin tankin ce ta toshe, a murfin take ko a wani ɗan bututu a gefe, wanke ta ko ka canja. In ba ita ba ce, gwada wuta nan take yana da zafi, akwai koyil ɗin da sai ya yi zafi yake yankewa.

Matatar iska kuma a garin nan tsakanin Disamba da Fabrairu ba sai an faɗa ba, ƙurar hunturu haɗe da garin itace. Rufe cok kafin ka cire ta don kar datti ya faɗa ciki. In soso ce wanke da ruwan sabulu ka matse ka bari ta bushe sarai. Kada ka taɓa aiki babu ita ko na rana ɗaya.

Kafireto

Sai yanzu muka iso nan. Shimfiɗa farin tsumma, ka ɗauki hoto a kowane mataki. Ciki akwai faifan roba sirara guda biyu, ɗaya na tura mai ɗaya na auna shi, kowanne da gaskit ɗinsa, kuma jerin da suke bi yana da muhimmanci, wanda ke sama a wannan gefen ba shi ne a sama a ɗaya gefen ba. Taɓa robar, mai lafiya laushi gare ta, in ta yi ƙaƙas tana ƙara in an lanƙwasa to ita ce matsalar, kuma ita ce cutar injin da ya kwana da mai wata da watanni. Akwai ɗan raga mitsitsi a wani rami, nan datti ke taruwa, sai allura mai ɗan sifirin a ƙarƙashinta, wannan sifirin ɗin ka dafe shi da yatsa lokacin kwancewa domin in ya yi tsalle ba za ka sake ganinsa ba. Wanke da feshin wankin kafireto ko fetur mai tsabta. Kar ka zura allura ko waya a ƙananan ramukan, faɗaɗa su za ka yi. A ra'ayina in ɗan Chana ne kuma jikin kafireton ya ci tsatsa fari fari, sabo gaba ɗaya ya fi sauƙi a kan ɓata yini. In kuwa na kamfanin Walbro ne ko Zama na asali, robobin kawai za ka canja ka riƙe abinka, ya fi sabon kwafi.

Saiti. Masu kusoshi uku za ka ga L da H da kuma T ko LA. L na ƙaramin gudu ne, H na cikakken totur, ɗayar ta silo, wato gudun inji in ba a taɓa totur ba. In wani ya riga ya dagula su, murɗa L da H ciki a hankali har su tsaya, kar ka matse, sannan ka dawo da kowacce zagaye ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wannan mafari ne kawai. Tayar ka bari ya ɗumama, da kan zarto a haɗe da matatar iska mai tsabta. In ka ba shi wuta yana noƙewa kafin ya ɗauka, buɗe L kaɗan kaɗan. H kuwa ka ji tsoronta. In ka rufe ta da yawa inji zai riƙa ihu mai daɗin ji kamar ya ƙara ƙarfi, alhali man da ke shafe fistin ne ka rage, minti kaɗan ya isa ya ƙone. Gara ka bar shi yana ɗan gurnani in ba ya yanka, sautin ya washe in ya shiga itace. Silo kuma ka rage har sarƙa ta tsaya cak inji bai mutu ba. Wasu 'yan Chana kusar silo kawai gare su a waje, to ka tsaya a kanta.

Yana tashi amma ba ƙarfi

Totur a ƙarshe amma yana buuu ba ya hawa, baƙin mai na ɗiga daga salansa, to salansa ce ta toshe. Bari ta huce, kwance ta, a bakinta wasu suna da ɗan raga, ka kankare da buroshin ƙarfe ko ka ƙona shi a wuta gawayin ya zube. Tunda salansa ta fita leƙa ramin da tocila kana jan igiya a hankali. Fistin mai lafiya sumul yake da ɗan maiƙo, in ka ga zane zane daga sama zuwa ƙasa ko ringi ya maƙale a raminsa, an gama, sai fistin da silinda. Wata alamar ita ce igiya ta yi sakwaf babu wani turjiya. Irin wannan aikin da na sil ɗin karanshaf, wato robar da ke hana iska shiga ta gefen ƙarfen da fistin ke juyawa, wanda alamarsa inji ya riƙa gudu shi kaɗai a silo ko ya canja murya in ka karkata shi kuma fulogi ya yi fari, gaskiya ka kai wa wanda ya saba. Kafin ka kai dai ka duba kusoshin da suka riƙe kafireto da gaskit ɗin bayansa, sau da yawa nan iskar ke shiga. Masu Stihl mai injin 4-MIX su sani nasu yana da bawul duk da ana haɗa masa mai, in igiya ta yi tauri ƙwarai tazarar bawul ce, 0.10 na milimita inji a sanyaye.

Igiya in ta tsinke ba wani abu ba ne, kwance murfin, saka sabuwa mai kauri ɗaya da tsohuwar, ƙona bakinta ka ƙulla, murɗa kaskon da take naɗuwa a kai ya ɗauki ƙarfin sifirin sannan ka bari ya naɗe ta. In ka ja ta har ƙarshe kaskon ya zama yana da sauran juyi kaɗan, in ba haka ba sifirin ne zai karye. Ka sa tabarau, wannan sifirin in ya kwance ba ya sallama.

Inji na gudu sarƙa ba ta juyawa

Nan ne wannan injin ya bambanta da zarton hannu. Ƙarfi yana tasowa daga kuloci, ya bi wani dogon ƙarfe da ke cikin sandar, ya shiga giya a kan zarto sannan ya juya sarƙa, ko'ina a hanyar nan zai iya yankewa. Fara daga sama. Inji a kashe, da safar hannu, ja sarƙar ka gani ko tana tafiya, wani lokacin ɓawon itace ne ya cushe a murfi ko an ɗaure ta tamau. In tana tafiya, cire kan zarton daga sanda, ka tayar ka ba shi wuta kaɗan kana kallon bakin ƙarfen ciki. Yana juyawa, matsalar a kan take, ko giyar ta cinye ko kuma dama kan bai zauna har ƙasa ba. Ba ya juyawa, koma mahaɗar tsakiya, a injinan da sandarsu ke rabuwa biyu mafi yawan lokaci ba ta shige daidai ba ne, sassauta, juya kaɗan har ka ji ɗan fil ɗin ya faɗa raminsa ƙas, sannan ka ɗaure. In nan ma lafiya, zaro ƙarfen ka duba haƙoran bakinsa biyu, in sun goge sun zama mulmul shi ke nan. Goge shi ka shafa giris siriri kafin ka mayar. Sandar da ta lanƙwashe saboda reshe ya faɗo mata tana sa rawar jiki sosai a hannu kuma tana cinye robobin da ke riƙe ƙarfen a ciki, miƙe ta da guduma ba ya ɗorewa.

Kuloci yana bayan kusoshi huɗun da suka haɗa inji da sanda. Takalmansa in sun cinye ko mai ya jiƙa su, za ka ga sarƙa na gudu a iska amma da ta taɓa reshe ta tsaya. In kuma sarƙa na juyawa a silo duk da ka rage kusar, sifirin ɗin kuloci ne ya saki ko ya karye, kar ka yi aiki a haka domin yawancin waɗannan injinan ba su da birkin sarƙa. Kan giya in yana da kusar giris a gefe, cire ka matsa giris mai jure zafi, kar ka cika dam.

Sarƙa da farantinta

Abin da ke zubowa daga yanka shi zai gaya maka. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa manya manya, in ka ga yana zubowa kamar garin tuwo kuma sai ka danna da ƙarfi, ta dakushe. Kafin ka zargi kaifi ma duba ko ba a juye aka saka ta ba, a saman farantin da take zagayawa bakin haƙora gaba yake kallo, wajen tsinin. Wasawa da zagayayyen magagari ake yi, milimita 4 ga sarƙar 3/8 ƙarama wadda ita ce ta fi yawa, 3.2 ga siririyar 1/4 ta Stihl, a karkace digiri 30, turawa daga ciki zuwa waje kawai, kowane haƙori adadi ɗaya. Ka gama gefe guda sannan ka juya. In yanka yana karkacewa gefe ɗaya to haƙoran wani gefen sun fi na ɗayan tsawo. Ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori shi ma ana rage shi da shimfiɗaɗɗen magagari bayan wasu wasawa, ya zama ƙasa da haƙori da 0.65 na milimita a sarƙar 3/8 ƙarama, 0.45 a siririyar 1/4 ta Stihl, in ka zarce sarƙa za ta riƙa fizga, kuma fizga a kan sanda mai mita uku ko huɗu ba wasa ba ce.

Ɗauri kuma, sassauta notin murfi, ɗaga tsinin faranti sama, murɗa kusar ɗauri har sarƙa ta manne da ƙasan faranti amma kana iya jan ta da hannu, ɗaure noti tsinin yana ɗage. Sabuwar sarƙa tana saki da wuri, ka riƙa dubawa. In tana yawan ficewa duk da ɗaurin daidai ne, duba haƙoran sufuroket, wato giyar da ke jan sarƙa, ko sun yi rami, duba kwarin faranti ko ya buɗe, duba ƙafafun sarƙar ko sun lanƙwashe. Faranti ana juya shi sama ya koma ƙasa lokaci lokaci don ya ci daidai.

Man sarƙa tankinsa ƙarami ne a can kan zarto inda ido ba ya kai, shi ya sa ake mantawa har sai an ga hayaƙi. Gwaji, shimfiɗa kwali, nuna shi da tsinin ba tare da ya taɓa ba, ba shi rabin wuta, ya kamata ka ga layin mai. Babu, cire faranti ka kwashe dattin kwarinsa da ramin da mai ke shiga. Tayar babu faranti ka ga ko mai na fitowa daga jikin kan, in yana fitowa dama toshewar faranti ce, in ba ya fitowa sai matatar tankin, tiyo, kusar ƙara mai da ke ƙasan wasu, ƙarshe 'yar giyar roba da ke juya famfon. Na san ƙonannen baƙin mai kyauta ake samu wurin bakanike, amma garin ƙarfen da ke cikinsa shi ke cinye famfon, ga shi yana fantsama kan mangwaron da yara za su sha. In ba ka samu man sarƙa ba sabon SAE 30 ko 40 zai yi maneji.

Na wuta da na batir

Waɗannan ba su da dogon labari. Na wuta, gwada soket da wani abu, duba wayar ƙari, mai tsawo kuma siririya tana rage wuta har motar injin ta yi zafi, nemi mai kaurin 1.5mm² zuwa sama kuma ka warware ta duka. In wuta ta zo rabi rabi haƙura. Yana tartsatsi a ciki ko sai an bubbuga yake tashi, burushin gawayi ne, biyun ake canjawa tare. Warin ƙonewa kuwa sai mai naɗin koyil. Na batir, goge bakin ƙarfen batirin, tabbatar maɓallin kariya na shiga kafin ka ja kunamar, duba mahaɗar sanda don wayar wuta ta nan take bi. Yana yankewa a tsakiyar aiki, ko batir ya yi zafi ko sarƙa ta dakushe tana wahalar da motar injin. Kar ka sa batir a caji yana da zafi, kar ka bar shi a rana ko a but ɗin mota.

Abin da ke jawo lalacewar tun farko

Sau da yawa lanƙwasar faranti da sanda daga maƙalewa a reshe ne. Reshe mai nauyi ba a yanke shi lokaci ɗaya daga sama. Fara ɗan tsaga daga ƙasa, sannan ka yanke daga sama ɗan gaba da wurin, nauyin ya faɗi, ka dawo ka cire kututturen. Dogon reshe gunduwa gunduwa ake yi masa daga baki. In zarto ya maƙale kashe inji, a samu wani ya ɗaga reshen da gora ko igiya, kar ka murɗa sanda kana fizga. Ka tsaya a gefe, sanda kar ta wuce karkatar digiri 60, ba a ƙarƙashin reshen ba kuma ba a kan tsani ba, da hular kwano da tabarau, yaran unguwa masu zuwa kallo a kore su nesa. Ka leƙa bishiyar da kyau tukuna saboda rina da zuma.

Wayar lantarki kuma, malam, wannan ba ta gyaruwa. Littafin Stihl mita 15 ya ce a bari tsakaninka da waya mai wuta, a Tudun Wada ko Rigasa kuwa sau nawa za ka ga waya ta ratsa tsakiyar darbejiya. An ɗauke wuta ba hujja ba ce, ana iya dawo da ita ko wane lokaci, janaretan maƙwabci ma yana iya turo wuta baya. A sanar da ma'aikatan lantarki su kashe layin a gabanka, in ba haka ba ka bar aikin ko nawa maigidan zai biya.

In za ka sayo kaya

Ko Panteka za ka ko shagunan kayan injin noma na cikin gari, tafi da tsohon a hannu, kar ka dogara da suna. Sarƙa abu uku ake dubawa, tazararta irin 3/8 ko 1/4, kaurin ƙafarta milimita 1.1 ko 1.3, da adadin ƙafafun, galibi an buga su a gindin faranti, in sun goge ka ƙirga da kanka, inci 10 ko 12 kaɗai bai isa bayani ba. Kan zarto da sanda kuma ka auna faɗin bututun, milimita 26 ne ko 28, ka ƙirga haƙoran ƙarfen ciki, 7 ne ko 9 ko mai kusurwa huɗu, domin mai 7 ba ya shiga mai 9 duk da a ido kamarsu ɗaya. Kafireto ka gwada tazarar ramukan kusoshinsa da tsohon a nan gaban mai shago, ka kuma ce masa oga in bai hau ba zan dawo da shi, ku yi wannan maganar kafin ka miƙa kuɗi.

In aikin bana ya ƙare za ka ajiye fiye da wata guda, juye tanki, danna robar har ta bushe, tayar ka bar shi a silo har ya mutu da kansa, sassauta sarƙa ka shafa mata mai, saka murfin faranti, ka rataye sandar a kwance a kan ƙusa biyu ko uku inda ba ɗigar ruwa.